U-28: Jirgin Nutso Na Jamus Da Hanyar Gyaɗarmu



Mu da muka tashi tsakanin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, ruwa mafi girma da yawancinmu suka taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga. Don haka idan aka ce za a yi maganar jirgin yaƙin da ke tafiya a ƙarƙashin teku, wani zai ce ina ruwan biri da gada. To amma akwai ruwanmu a ciki. Shekaru sama da ɗari da suka wuce, gyaɗar da kakanninmu suka noma, da fatar da suka jeme, da kuzar da aka haƙo a Riruwai, duk hanya ɗaya suke bi: jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can jirgin ruwa zuwa Libaful ta ƙasar Ingila. A bakin ƙarshen wannan hanya ne wani jirgin nutso na Jamus mai lamba U-28 ya yi kwanton ɓauna a watan Maris na 1915. Labarinsa za mu bi yau, daga ranar da aka ƙera shi zuwa ranar da ya halaka.

Yadda aka faro

Jamus ta makara wajen shiga harkar jirgin nutso. Shugaban rundunar ruwanta, Admiral Tirpitz, manyan jiragen yaƙi masu manyan bindigogi ya sa a gaba, yana ganin kashe kuɗi a kan ƙaramin jirgin da ba ya nisa da gaɓa asara ce. Sai a watan Disamba na 1906 rundunar ta karɓi na farko, U-1, wanda kamfanin Germaniawerft ya ƙera a birnin Kiel. Har yau yana nan a ajiye a gidan tarihi na birnin Munik.

Waɗannan jirage na farko da kananzir suke aiki. Jamusawa sun guji fetur saboda tururinsa na iya kamawa da wuta a cikin rufaffen wuri, amma shi ma kananzir ya zo da tasa matsalar: yana fitar da farin hayaƙi mai kauri wanda ake hangowa daga nesa. Jirgin da duk amfaninsa ɓuya ne, ga shi yana tafe yana shelar kansa. An warware wannan a 1913, lokacin da U-19 ya fito da injin dizal. U-28 ɗan wannan sabon zubi ne. An ƙera shi a ma'aikatar jiragen gwamnati da ke Danzig, garin da yanzu ake kira Gdansk a ƙasar Polan. An saka shi a ruwa ranar 30 ga Agusta 1913, ya fara aiki ranar 26 ga Yuni 1914, kwana biyu kafin kisan da aka yi a Sarayebo wanda ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ƙirarsa

Tsawonsa mita 64.7, wato bai kai kashi biyu cikin uku na filin ƙwallo ba, faɗinsa kuma mita shida da 'yan kai. Nauyinsa tan 675 idan yana saman ruwa. Jiki biyu gare shi. Na ciki kamar doguwar ganga yake, an yi shi da ƙarfe mai kauri don ya jure matsin ruwa, a nan mutane da injuna suke. Na waje siriri ne, shi ke ba jirgin siffar da zai yanka ruwa. Tsakanin jikin biyu aka yi tankuna, kuma a cikinsu sirrin nutson yake. Idan ana so a nutse, sai a buɗe kafofin sama iska ta fice, ruwa ya shigo ta ƙasa ya cika tankunan, jirgi ya yi nauyi ya yi ƙasa. Idan ana so a taso, sai a hura iskar da aka matse a cikin tukwanen ƙarfe ta kori ruwan. Duk wanda ya taɓa danna buta cikin randa ya ji tana ɓulɓula har ta nutse, ya ga rabin wannan ilimin.

Injuna iri biyu ke tuƙa shi. A saman ruwa akwai injin dizal biyu da ke kai shi gudun kilomita 31 a awa, suna kuma cajin batir. A ƙarƙashi ba a iya tayar da dizal don zai shanye iskar da mutane ke shaƙa, sai a koma kan batir. Nan gudunsa bai wuce kilomita 18 a awa ba, kuma idan aka matsa masa haka batirin ba ya jimawa. Ko a tafiyar hawainiya, abin da zai iya ci a ƙarƙashi bai kai kilomita 160 ba, dole ya taso. Zurfin da aka amince ya kai mita 50 ne.

Wannan ya nuna mana abin da fina-finai ba su cika nunawa ba: jirgin nutso na wancan zamani mafi yawan rayuwarsa a saman ruwa yake yin ta. Nutso na lokacin hari ne ko lokacin gudu.

Makamansa kuwa, akwai bututu huɗu na harba tofido, biyu a gaba biyu a baya. Tofido wani dogon bam ne mai injinsa da farfelarsa, yana tafiya da kansa a cikin ruwa har ya daki cikin jirgi. Guda shida kacal U-28 ke ɗauka, shi ya sa kwamanda ke tattalinsu kamar ruwan guzuri. Aka kuma ɗora masa bindiga a kan doronsa, wadda ta fi araha wajen nutsar da jirgin kaya. Idonsa a ƙarƙashin ruwa shi ne madubin leƙe, wani dogon bututu mai gilasai da ake turowa sama.

Mutum 35 aka tsara masa, hafsoshi huɗu da sauran ma'aikata. Ku ƙiyasta mutum 35 a cikin ganga, babu wanka, ga warin mai da gumi da abinci, ga raɓa tana ɗiga daga jikin ƙarfe, burodi yana funfuna cikin 'yan kwanaki. Idan ruwan teku ya taɓa batir, wata iska mai guba ce ke tashi. Duk da haka matasan Jamus rububin shiga wannan aiki suke yi.

Abin da ya sauya lissafi

Da aka fara yaƙi a watan Agusta na 1914, jiragen nutson Jamus ba su kai 30 ba, kuma ba a ɗauke su da muhimmanci ba. Ranar 22 ga Satumba ta sauya wannan. Wani tsohon jirgi mai kananzir, U-9, ƙarƙashin Otto Weddigen, ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila uku, Aboukir da Hogue da Cressy, cikin abin da bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Mutum 1,459 suka mutu. Daga ranar kowa ya shiga taitayinsa.

Ita Ingila tana da rundunar ruwa mafi ƙarfi a duniya, sai ta toshe wa Jamus hanyoyin teku, har abinci ta hana shiga. Jamus ba ta da ƙarfin fito-na-fito, sai ta duba abin da ke hannunta. Ingila tsibiri ce, da jirgin ruwa take ci take sha. Ranar 4 ga Fabrairu 1915 Jamus ta yi shelar cewa daga 18 ga watan duk ruwan da ya kewaye Birtaniya fagen fama ne.

A nan aka yi karo da tsohuwar dokar yaƙin teku. Dokar ta ce ba a nutsar da jirgin 'yan kasuwa sai an tsayar da shi, an bincika kayansa, an tabbatar mutanen ciki sun sami mafita. An tsara ta ne don manyan jirage masu wurin ɗaukar fursuna. Jirgin nutso ba shi da wurin ƙarin mutum goma, kuma da zarar ya taso ya tsaya, harsashi ɗaya ko karo ɗaya ya ishe shi. Hukumar ruwan Ingila ta san da haka, ta umarci kyaftin-kyaftin na jiragen kasuwa su gudu, ko su auka wa jirgin nutso da karo idan sun sami dama. Kowane ɓangare yana da hujjar da zai kafa, waɗanda ke tsakiya kuwa fasinjoji ne da ma'aikata.

Falaba

Kwamandan U-28 a lokacin shi ne Georg-Günther von Forstner. A fitarsa ta watan Maris 1915 ya fara da bin doka: ranar 18 ga wata ya kama jiragen Holan biyu, Batavier V da Zaanstroom, ya tasa ƙeyarsu zuwa tashar Zeebrugge. Daga nan ya zarce yamma, ya shiga mashigin da ke tsakanin Ailan da Birtaniya, inda jiragen Libaful ke fitowa. Ranar 27 ya nutsar da wani jirgi mai suna Aguila.

A yammacin wannan rana ne Falaba ya tashi daga Libaful. Jirgin kamfanin Elder Dempster ne, kamfanin da ya riƙe kusan duk zirga-zirgar Afirka ta Yamma, har yakan raɗa wa jiragensa sunayen garuruwanmu, irin su Apapa da Burutu da Zariya. Falaba sunan wani gari ne a Saliyo. Yana ɗauke da mutum 242, fasinjoji 147 da ma'aikata 95. Cikin fasinjojin akwai hafsoshin soja da ma'aikatan mulkin mallaka da 'yan kasuwa masu komawa bakin aiki. A cikin kayansa akwai kimanin tan 13 na harsashi da albarushi, domin a lokacin sojojin Najeriya suna can suna fafatawa da Jamusawa a Kamaru, Garwa ma ba ta faɗi ba sai a watan Yuni.

Kafin tsakar ranar Lahadi 28 ga Maris aka hango jirgin nutso. Kyaftin Frederick Davis ya juya ya ba shi baya ya saki wuta, amma gudun Falaba bai kai na U-28 ba. Mai wayar iska ya aika da saƙon neman agaji. Da U-28 ya cim masa, ya ɗaga alamar a tsaya a bar jirgi. Aka tsaya, aka fara sauke kwale-kwalen ceto cikin ruɗani, ga sanyi ga igiyar ruwa. Wasu suka kife, wani ya suɓuce daga igiyarsa da mutane a ciki. Ana cikin haka Forstner ya saki tofido. Cikin kimanin minti takwas Falaba ya shige. Wani ƙaramin jirgin masunta mai suna Eileen Emma shi ya tsamo mafi yawan waɗanda suka tsira. Mutum 104 suka mutu, har da Kyaftin Davis.

Minti nawa aka ba su? Nan ne bakin shaidu ya rabu. Kwamitin binciken da Lord Mersey ya jagoranta a Landan ya ce minti biyar. Gwamnatin Jamus ta ce an ba da minti goma, aka ƙara har ya kai 23, kuma an yi harbin ne saboda Falaba na kiran agaji, ana kuma hango wasu jirage suna tahowa. Jamusawa suka ƙara da cewa albarushin da ke ciki ne ya fashe ya gaggauta nutsewar. Wasu fasinjojin da suka tsira sun yi ƙorafin cewa kwale-kwalen ba su da ƙwari, kwamitin ya wanke kamfani. Idan muka lura, kowane bayani ya yi daidai da buƙatar mai ba da shi. Abin da babu jayayya a kai shi ne, lokacin da tofido ya tashi akwai mutane a kan jirgin ba su sauka ba, kuma ana ganinsu.

A wannan ranar ce kuma, a wani gefen teku, Kyaftin Charles Fryatt na jirgin Brussels ya yi yunƙurin take U-33 da karo. Jamusawa suka kama shi a shekara ta gaba suka harbe shi. Mun kawo wannan ne don a ga irin tsoron da kowane kwamandan jirgin nutso ke ciki idan ya taso, ba don a wanke Forstner ba.

Cikin mamatan Falaba akwai wani Ba'amurke, Leon Thrasher, injiniyan haƙar ma'adinai da ke kan hanyar komawa Gwalkwas, Gana ta yau. Shi ne ɗan Amurka na farko da jirgin nutso ya kashe a yaƙin. Gwamnatin Shugaba Wilson na cikin muhawarar irin martanin da za ta mayar, sai ga U-20 ya nutsar da Lusitania ranar 7 ga Mayu, mutum kusan 1,200 suka mutu. Sunan Thrasher ya shiga littattafan tarihi. Amma jiragen Elder Dempster cike suke da ma'aikata 'yan Afirka ta Yamma, mutanen Saliyo da Laberiya da gaɓar Najeriya, waɗanda akasari aikinsu zuba gawayi ne a can ƙasan jirgi, wurin da ya fi ko'ina wuyar fita idan ruwa ya shigo. Babu wata gwamnati da ta yi barazanar shiga yaƙi saboda su.

Inda abin ya taɓa mu

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, ya ratsa ta ƙasar Ƙiru inda tashar Dangora take. Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, don ta fi kuɗi kuma idan ta ƙi sayuwa ana iya cinta. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa wajen tan 19,000 a 1913. Sai ga fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba. Ba a gama farfaɗowa ba yaƙi ya ɓarke.

Kafin yaƙi kamfanonin Jamusawa na cikin manyan masu sayen amfanin gonar Najeriya, Hambog kuma babbar kasuwa ce. Dare ɗaya aka rufe su, aka kwashe ma'aikatansu, daga baya aka yi gwanjon kadarorinsu a Landan a 1916. Masu saye suka ragu, jiragen ɗauka suka ragu don gwamnati ta karɓe wasu, jiragen nutso suna cin wasu, kuɗin dako da na inshora suka hau. A 1915 fitar da gyaɗa ya faɗi warwas. A 1916 ya sake tashi zuwa wajen tan 50,000, saboda Ingila na matuƙar buƙatar mai. Amma kamfanin da ya sami gurbi a jirgi shi ke yanka farashi, manomi kuma dole ya sayar don haraji ba ya jira. Kayan da ake shigowa da su, irin su yadi, suka yi tsada. Hatta sulallan azurfa da ake biyan manomi da su a jirgi suke zuwa daga Ingila, suka yi ƙaranci, aka fito da kuɗin takarda waɗanda mutane suka daɗe ba su yarda da su ba. A lokaci guda baitulmalin sarakunan Arewa, har da na Kano a zamanin Sarki Abbas, suna ba da gudummawar kuɗin yaƙi.

Ɗan Bebeji ɗaya ya san wannan hanyar ruwa tun kafin yawancin mutanen Kano su ji labarinta. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro a Gwanja, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko maimakon bin ayari wata da watanni. A 1918, shekarar ƙarshe ta yaƙin, kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, asalinta buhuna ne masu jiran abin ɗauka.

Falaba ba shi ne na ƙarshe ba. Bayan Jamus ta koma harbi ba gargaɗi ranar 1 ga Fabrairu 1917, an nutsar da Abosso a watan Afrilu, mutum 65 suka mutu, sannan Apapa a watan Nuwamba yana dawowa daga Ikko, mutum 77. A watan Afrilun nan kaɗai jiragen da aka nutsar sun haura tan 800,000. Maganin da ya yi aiki a ƙarshe tsohuwar dabara ce da kowane madugu ya sani: a daina tafiya ɗai-ɗai, a yi ayari da 'yan rakiya. Jiragen da suka taso daga Afirka ta Yamma suka riƙa taruwa a Firitawun da Dakar kafin su kama hanya.

Ƙarshen U-28

U-28 ya nutsar da jirage kusan 40 a rayuwarsa. Ranar 2 ga Satumba 1917, ƙarƙashin wani kwamanda daban, Georg Schmidt, ya tare wani jirgin Ingila mai suna Olive Branch a can ƙuryar arewacin Nowe, yana ɗauke da kayan yaƙi zuwa Rasha. Ya harbe shi da tofido, ma'aikatan suka sauka a kwale-kwale, sannan ya matso kusa don ya ƙarasa shi da bindiga. Harsashi ya sami rumbun makamai. Fashewar ta haɗa da U-28 kansa. Mutum 39 da ke cikinsa babu wanda ya koma gida. Ana ba da labarin cewa wata babbar mota ce daga cikin kayan ta yi sama ta faɗo masa a ka, amma wannan ƙari ne da ke yawo a bakin mutane.

Shi kuwa Forstner ya tsira daga yaƙin, kuma ya bar mana wani labari da har yau ake yaɗawa a intanet. A 1933, daidai lokacin da jaridun Turai ke cike da zancen dodon tafkin Loch Ness, ya rubuta a wata jaridar Jamus cewa ranar 30 ga Yuli 1915, bayan ya nutsar da jirgin Iberian, wani abu ya fashe a ƙarƙashin ruwa ya cillo wata dabba sama, mai kama da kada, tsawonta kusan mita 20. Nutsar da Iberian gaskiya ne, yana cikin takardu. Amma littafin aikin jirgin na wannan rana bai ambaci wata dabba ba, waɗanda suka tsira daga Iberian ba su ce sun ga komai ba, kuma shi kansa sai bayan shekara 18 ya tuna da ita. Duk da haka, idan kuka bincika sunan U-28 a yau, za ku tarar masu maganar kadan sun fi masu maganar mutum 104 na Falaba yawa. Mu da ke koyon riƙe alƙalami ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

Kafin a tsagaita wuta a watan Nuwamba na 1918, jiragen nutson Jamus sun nutsar da jirage wajen 5,000, ita kuma ta rasa 178 daga cikin nata tare da mutum kimanin 5,000. Waɗanda suka rage aka jera su aka miƙa wa Ingila a tashar Harwich.

Roƙonmu ga 'yan uwa na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa: wanda duk yake da tsoho a gida, ya zauna da shi ya tambaye shi abin da ya ji daga iyayensa game da shekarun yunwar Kakalaba, da zuwan kuɗin takarda, da waɗanda aka ɗauka soja ko dako zuwa Kamaru, da aikin kuza a Riruwai. A rubuta sunan mai ba da labarin, da garinsu, da wanda ya ji daga bakinsa, da ranar da aka yi hirar. Abin da aka samo a kawo mu karanta tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.